Yadda Ake Ziyartar Kwatar Masunta da Bakin Tekun Elmina Daga Akra ko Kumasi

Da zarar hutun makaranta ya gabato, ko an gama hidimar Sallah, sai tambayar nan ta dawo daga 'yan'uwa na Nima da Mamobi da Sabon Zango, har da na Aboabo da Asawase a Kumasi: muna so mu kai iyali ko ɗaliban makaranta Elmina su ga teku, ta ina ake farawa? Wasu ma sun riga sun je sun dawo da ƙorafi. Sun isa da azahar sun tarar kwata ta watse, rana ta gasa yara, kifin da suka saya kuma ya fara canza wari tun ba su kai Kasoa ba.

Matsalar ba ta garin ba ce, ta jerin abubuwan ce. Kwata wurin neman abinci ne na dubban mutane, kuma tana da lokacinta, ba ta jiran baƙo. Jerin da nake ba kowa shawara shi ne kwata da sassafe, tsohon ginin Turawa da ake kira Kasil da hantsi, bakin ruwa daga baya. Wanda ya juya jerin nan ya biya kuɗin mota ne ya ga rabin abin da ya je gani.

1. Zaɓen rana

Kada ka sa ranar kwata ta faɗo Talata. A al'adar Fante da sauran masuntan gaɓar Ghana, Talata ranar hutun teku ce, ba a fita su. Za ka ga kwalekwale a jere, maza na ɗinkin taru a inuwa, amma hada-hadar sauke kifi ba za ka same ta yadda take ba. Safiyar Laraba ma kasuwar takan yi sanyi-sanyi. Alhamis, Juma'a da Asabar sun fi armashi, sai dai mai son Juma'a ya san inda zai yi sallah tun kafin ya taso.

Ka duba kwanan wata na Musulunci, wanda mu ba ya mana wahala. Masu fita su da dare sun fi samu a dare mai duhu, don haka kwanakin farin wata, wajen 13 zuwa 15, kifi kan yi ƙaranci, farashi ya hau.

Lokacin da ƙananan kifin nan na amane ke cika kwata shi ne daga Yuli zuwa Satumba, sa'ad da ruwan teku ke yin sanyi. Yuni kuwa tsakiyar damina ce a gaɓa, ruwan sama na iya cinye maka yini guda. Daga Disamba zuwa Fabrairu hanya ta fi daɗi, amma hazo kan rufe nesa.

Gargaɗi: a shekarun nan Ma'aikatar Kamun Kifi kan ayyana lokacin rufe teku, galibi cikin Yuli, kuma waɗanda dokar ke shafa suna canzawa daga shekara zuwa shekara. Ka saurari sanarwar ta shekarar kafin ka tara kuɗin mutane. Talatar farko ta Yuli kuma ranar bikin Bakatue ce, garin kan cika maƙil, masauki ya yi wuya. Haka ma ƙarshen Yuli zuwa 1 ga Agusta, lokacin da baƙi daga Amurka da tsibiran Karebiyan ke zuwa tunawa da 'yanta bayi.

2. Lissafin kuɗi

Kuɗin mota na canzawa duk lokacin da ƙungiyar direbobi ta GPRTU ta yi sanarwa, saboda haka ka leƙa tasha ko ka aika yaro ya tambayo kwana ɗaya kafin tafiya. Ka ɗauki takarda ka rubuta waɗannan, kowanne da layinsa: mota zuwa da dawowa, tasi tsakanin Cape Coast da Elmina, masauki, tikitin shiga Kasil, abinci da ruwa, kifi, ƙanƙara, kuɗin gyaran kifi, dako, da ɗan ihsani ga wanda ya yi maka jagora. Abin da ya tashi, ka ƙara kashi ɗaya bisa uku a kai. A layin kifi ne lissafi ke rushewa, domin babu wanda ke tsayawa kan abin da ya yi niyya idan ya ga daro cike.

Ka canza kuɗinka zuwa ƙananan takardu, sidi 5, 10 da 20. Wanda ya zaro 200 a tsakiyar kwata ya ɓata cinikinsa da hannunsa, kuma zai tsaya jiran canji har ya gaji. MoMo, wato biyan kuɗi ta waya, na aiki a masauki da wurin mata da yawa, amma kada ka dogara da shi kaɗai.

Idan kun haura goma, shatar motar Sprinter ta fi sauƙi. Ku yi magana a gaban shaidu kan mai, kan kwanan direba da abincinsa, da kuma cewa zai kai ku bakin ruwa bayan Kasil. Ku ba da rabi, sauran sai an dawo gida. Yawancin rigimar da ake yi da direba a Elmina daga maganar da ba a ƙarasa a tasha ba take fitowa.

3. Abin da za a riƙe

Takalmi mai rufi da ba ya santsi, wanda ba ka jin ɓacinsa. Silifas ba na kwata ba ne, ƙasa a jiƙe take da ruwan kifi, ga ƙaya ga guntayen igiya. Tufafi marasa jan ƙasa. Hajiya ta bar doguwar abaya mai shara a jaka sai an zo Kasil, ta sa wadda ta tsaya a idon sawu. Kula mai murfi mai kyau, manyan ledoji, tsofaffin jaridu, sabulu, buta, darduma, hula ko laima, ruwan sha isasshe. Katin Ghana na kowane babba, da katin makaranta na ɗalibai. Mai jin jiri a mota ya sha maganinsa kafin a tashi.

4. Hanya

Daga Akra tafiyar ta ɗan haura kilomita 150. Ka nufi tashar Kaneshie ka nemi motar Cape Coast, ko ka bi bas ɗin kamfanin STC. Hanyar ita ce ta Mallam, Kasoa, mararrabar Winneba, mararrabar Apam, Mankessim, Saltpond, Anomabo, sannan Cape Coast. Idan hanya a buɗe take awa uku ta isa, amma cunkoson Kasoa kaɗai na iya cinye awa guda ko fiye. Motar Takoradi ma tana bi ta mararrabar Elmina, sai dai sau da yawa cikakken kuɗi za a karɓa.

Daga Kumasi an haura kilomita 200. Ka nemi motar Cape Coast a Asafo. Za ku bi ta Anwiankwanta, Fomena, ku haye kogin Pra a Praso, ku wuce Assin Fosu da Assin Manso, ku faɗo babban titi a Yamoransa. Ka ƙiyasta awa huɗu zuwa biyar.

Daga Cape Coast zuwa Elmina bai kai kilomita 15 ba. Akwai tasi na haɗaka, akwai na shata, abin da direbobi ke kira dirofin. Ka faɗi wanda kake so tun kafin ka zauna, in ba haka ba direba zai ja mota da kai kaɗai ya ce shata ka ɗauka. Mutanen gari Edina suke kiran garinsu, idan ka ji yaron mota na kiran wannan suna, motarka ce.

Gargaɗi: kada ka yi wannan hanya da dare idan kana da zaɓi. Wurare da dama titin layi ɗaya ne kowane ɓangare, manyan motoci na ta tsere da juna, ga ayyukan gyara.

5. Kwana

A nan ne nake saɓa wa masu cewa a je a dawo rana ɗaya. Daga Akra yana yiwuwa idan an tashi kafin asuba, amma za ku iso a ƙarshen saukar kifi, a gajiye. Daga Kumasi kuwa wahalar da kai ne kawai. Ku taso da rana ku kwana a Elmina ko Cape Coast, gari na wayewa kuna kan gadar da ke kusa da kwata. Kuɗin ɗaki ɗaya ko biyu shi ne bambancin ganin kwata da jin labarinta.

Akwai ƙananan masaukai a cikin gari, akwai manyan otal a gaɓa ta yamma. Kafin ka biya, ka shiga ɗakin ka buɗe famfo, ka kunna fanka, ka duba ragar taga saboda sauro na gefen tafkin garin ba ya wasa. Ka tambaya ko akwai mashaya ko kiɗa a harabar, musamman daren Juma'a da Asabar, idan da yara ko dattawa kake tafe.

Tafiyar ta kai nisan ƙasaru daga garuruwan biyu. Akwai Musulmi da masallatai a yankin, ka tambayi direban tasi ina zango yake. Idan lokaci ya kama ka a gaɓa, ka sa teku a damanka, ka fuskanci wajen Cape Coast, ka ɗan karkata hagu, ka tabbatar da wayarka. Malamai sun karantar da mu cewa ruwan teku mai tsarki ne, amma na cikin kwata ya gauraya da man inji da ƙazanta, don haka ka cika butarka tun daga masauki.

6. Gada, bayan sallar asuba

Wajen ƙarfe 6 rana ke fitowa a nan kusan duk shekara. Ka kasance kan gadar da ta haye tafkin Benya a lokacin, kada ka zarce cikin kasuwa kai tsaye. Minti ashirin a kan gada zai nuna maka yadda wurin ke tafiya.

Ta ƙarƙashinka kwalekwale ke shigowa daga teku ɗaya bayan ɗaya. Gindin kowanne daga gungumen itacen wawa guda aka sassaƙa shi, aka ɗora katako a gefe, aka shafe da fenti ja da rawaya da shuɗi, an rubuta suna ko addu'a a jiki, tutoci na kaɗawa a sama, har da na ƙungiyoyin ƙwallo na Turai. Ka lura da zaman kwalekwalen a ruwa. Wanda ya samu, za ka ga ya nutse har kusan baki, ma'aikatansa na waƙa suna buga gefen jirgi, mutanen kan gada na amsa musu. Wanda ya dawo yana yawo a saman ruwa, shiru, an ƙona mai a banza ke nan, kuma gidaje da yawa za su ji a jikinsu ranar. Ka nuna wa yara wannan, domin shi ne darasin da ba za su samu a aji ba.

Gargaɗi: gadar hanya ce ta motoci da masu ɗauke da kaya. Ku jeru gefe ɗaya, a riƙe hannun ƙanana, kada kowa ya hau ƙarfen gefe. Waya a riƙe ta da kyau, wadda ta faɗa Benya ta tafi.

7. Shiga kwata

Kasuwar kifin, wadda ake kira Mpoben, tana nan kusa da gada. A 2023 aka buɗe sabon aikin faɗaɗa tashar, don haka akwai sassan da ke da masu gadi. Inda aka ce ba a shiga, kada ka ja magana. Idan an nemi kuɗin shiga a ƙofa, ka biya ka karɓi tikiti.

Ku rabu gida-gida, kowane babba da yara uku ko huɗu, ku sa wurin haɗuwa da lokaci. Ayarin mutum ashirin ba ya tafiya tare a nan, cikar wurin kamar kasuwar Kejetia ta Kumasi ce ranar jajibirin Sallah. Mai daro a ka shi ke da hanya. Idan ka ji ana ihu a bayanka, ka matsa gefe tukuna kafin ka waiwaya, in ba haka ba ruwan kifi zai sauka a kafaɗarka, kuma ba wanda zai ba ka haƙuri.

Gaisuwa ita ce tikitinka na gaskiya. Yawancinmu mun iya Twi, Fante kuma suna jin ta. Ka ce maakye, ka kira babbar mace Maame, dattijo Egya, ka fara roƙo da mepa wo kyew, ka rufe da medaase. Bayarwa da karɓa da hannun dama, kamar yadda muka saba a gida. Kada ka tsallake taru ko igiyar da aka shimfiɗa, ka zagaya. Kada ka dafa kwalekwale ko ka zauna a kai don hoto sai an ce maka bismilla. Wannan dukiyar mutane ce, wasu da bashi suka haɗa ta.

Maganar hoto tana bukatar kulawa. Matan kwata sun gaji da baƙin da ke ɗaga waya a fuskarsu suna tsakiyar aiki. Hoton fili gaba ɗaya daga gada ba shi da matsala. Hoton mutum kuwa sai ka gaisa, ka tambaya, idan ta ce a'a ka sauke wayar da fara'a. Hanya mafi sauƙi ita ce ka fara sayen kifinta, daga nan sau da yawa ita za ta gyara ɗankwali ta ce ka ɗauka.

Masunta suna da sarkinsu, Apofohene, mata masu kifi kuma suna da shugabarsu, Konkohemaa. Idan da ɗalibai ka zo kuna son a yi musu bayani, ka nemi a kai ka ka gaida ofishin sarkin masunta da ɗan abin gaisuwa. Za a haɗa ku da wanda ya san aikin, ya nuna musu injin da ake rataya wa a gefen jirgi, man firimis da ake zuba masa, da bambancin taruna. Ya fi ka bi duk saurayin da ya tare ka a ƙofa ya ce shi jagora ne. Idan kuma irin wannan ka ɗauka, ku yanke kuɗi tun a farko.

8. Sayen kifi

Kada ka je wurin masu kwalekwale kana tayi. Kifin da ke cikin jirgi galibi yana da mai shi tun kafin ya iso, domin mata ne ke ba da kuɗin mai a fita. Wurin mata za ka saya.

Ka zagaya sau ɗaya ba tare da ka taya komai ba, kana jin abin da 'yan gari ke biya. Sannan ka duba kifin da kanka. Idon ya zama garau, a cike, ba wanda ya dushe ya faɗa ciki ba. Ka ɗaga marfin da ke gefen kansa, cikin ya zama ja, ba ruwan ƙasa ba. Ka danna tsokar da yatsa, ta dawo nan take. Warinsa na ruwan gishiri ne, ƙarni mai hawa kai alamar kwana ce. Idan ka taɓa ciki ka ji tauri da sanyin ƙanƙara, daga gidan sanyi aka fito da shi, irin wanda za ka samu a Akra ba tare da ka yi tafiya ba. Wanda jikinsa ya yi laushi yana saɓulewa, ka bar shi ko da kyauta ne.

Ana sayarwa kashi-kashi, ko a kwano, ko babban kifi ɗai-ɗai. Wajen ciniki, idan ta ce sidi 100 misali, ka taya 60 ko 70 cikin raha, ku haɗu a tsakiya, sannan ka nemi gyara. Sau da yawa ƙarin kifi biyu ya fi sauƙin samu a kan ragin kuɗi. Kada ka taya abin da ba ka da niyyar saye, idan ta sallama ka ɗauka. Ina roƙon 'yan'uwa kuma kada a matse mace kan sidi biyu alhali an kashe ɗaruruwa a mota. Tun ƙarfe huɗu take tsaye a wurin.

A gefe akwai masu gyara. Ka ba su su kankare, su cire ciki, su yanka yadda kake so, ku yi jinga kafin wuƙa ta taɓa kifin, ka tsaya a wurin har a gama. Kifin da ba a cire wa ciki ba shi ke fara lalacewa a hanya. Ka ɗauraye da ruwan leda, ba da ruwan kwata ba. A kula, ƙanƙara a ƙasa, kifi a tsakiya, ƙanƙara a sama, kuma yawan ƙanƙarar ya kai yawan kifin. Duk bayan 'yan awanni ka tsiyaye ruwan da ya narke ka ƙara sabuwa, kada kifi ya kwanta cikin ruwa. Kular ta zauna a inuwa, ka roƙi masauki su ajiye maka ita har ku gama yawo.

Mutanen Kumasi, banda, wato kyafaffen kifi, ta fi muku. A unguwannin da ke bayan kwata za ku ga hayaƙi na tashi daga murhunan Chorkor, waɗanda ake jera faifan raga a kansu hawa-hawa. Ku zaɓi wadda ta bushe ƙamas, mai sheƙi, ku karya ɗaya ku duba ciki babu danshi babu tsutsa. A naɗe ta a jarida a sa a kwali ko kwando. Leda tana sa ta gumi ta yi funfuna kafin kwana biyu.

9. Hawan kwalekwale

Za a yi maka tayi. Idan babu rigar da ke hana nutsewa ga kowane mutum, amsata a'a ce, kuma da yara a'a ce ko da akwai. Manya da suka nace, su tsaya cikin tafki, kada su yarda a fita ta bakin da yake haɗuwa da teku, nan igiyar ruwa ke da ƙarfi. A yanke kuɗi da tsawon lokaci a ƙasa, a biya bayan an sauka.

10. Kasil da tudun St Jago

Zuwa ƙarfe 9 kun gama da kwata, kun wanke hannu, kun sha koko. Daidai lokacin ake buɗe Kasil, ana rufewa wajen 4:30 na yamma. Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ce ke kula da shi. Kuɗin ɗan ƙasa daban, na baƙo daban, ɗalibai da yara kuma suna da ragi, shi ya sa na ce a riƙe kati. Ɗan'uwan da ya zo maka daga Najeriya ko Nijar a matsayin baƙo zai biya, ka sa shi a lissafi. Ka tambaya ko babbar kyamara tana da kuɗinta.

A ƙofa samari za su tare ka da fara'a su tambayi sunanka. Kafin ka fito sun rubuta shi a jikin ƙwaryar dodon koɗi, su ce kyauta ce, sannan su kawo takardar neman taimako. Idan kana so, ka ba da abin da ya sauwaƙa. Idan ba ka so, kada ka faɗi sunan tun farko, ka ce medaase ka wuce.

Mutanen Fotugal ne suka gina shi a 1482, 'yan Holan suka ƙwace a 1637, Ingila ta karɓa a 1872. Ana shiga ne rukuni-rukuni tare da jagoran hukuma, zagayen kan ɗauki kusan awa ɗaya: kurkukun mata da farfajiyar da gwamna ke leƙowa daga bene, ɗakin da aka zana ƙoƙon kai a saman ƙofarsa, da 'yar siririyar ƙofar da ake fitar da bayi zuwa jirgi. Na Kumasi su nemi a nuna musu inda aka tsare Asantehene Prempeh na ɗaya a 1896 kafin a wuce da shi Saliyo, daga can Seychelles.

Gargaɗi: ka yi wa yara magana kafin ku shiga. Za ku haɗu da mutanen da suka tsallako teku don ganin inda aka fitar da kakanninsu, wasu suna kuka. Ba wurin dariya ko bidiyon rawa ba ne. Ɗakunan ƙasa suna da zafi da ƙarancin iska, mai asma ko mai juna biyu ta tsaya kusa da ƙofa.

Idan da sauran ƙarfi, ku hau tudun da ke tsallaken tafki zuwa ganuwar St Jago. Hawan gajere ne amma a miƙe yake, dattijo mai ciwon gwiwa ya jira a ƙasa. Daga can za ka ga Kasil, da kwata duka, da filayen gishiri a bayan gari. Hoton ayari a nan ya fi kyau.

11. Abinci da bakin ruwa

Dokunun Fante da soyayyen kifi da shito shi ne abincin wurin, kuma da wuya ya ba ka matsala idan da zafinsa aka ba ka kifin. Miyar da ke da nama kuwa ka tambaya naman mene ne, domin ana cin alade a yankin. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tsaya kan kifi, ko ya nemi mai wake da shinkafa a zango.

Kada ku shimfiɗa tabarma a gaɓar da ke cikin gari, wurin aiki ne kuma wasu sassan ba su da tsafta. Ku ɗauki mota zuwa yamma, wajen Brenu Akyinim ko Ampenyi, inda yashi ke da faɗi ga inuwar kwakwa. Wuraren da ake sharewa sukan karɓi kuɗin shiga ko su bukaci ka sayi abin sha. Ka tambaya ko an yarda a shigo da abinci daga waje.

Gargaɗin da ya fi kowanne nauyi: tekun nan yana ja ta ƙasa. Ruwan da ya tsaya maka a gwiwa, idan igiya ta koma sai ka ji yashi na zarewa daga ƙarƙashin ƙafarka. Duk shekara ana rasa matasa a gaɓar ƙasar nan, musamman ranakun hutu, kuma da yawansu sun iya iyo a rafi ko a dam. Yara kada su wuce idon sawu, manya kada su wuce gwiwa, kada kowa ya juya wa teku baya don hoto, kada a hau duwatsun da ke da gansakuka. A naɗa babba ɗaya wanda aikinsa kallon yara ne kawai, ba waya ba hira, a riƙa canza shi. Hijabi da doguwar riga idan suka sha ruwa nauyi suke yi. Wanda ruwa ya ja, kada ya yi kokawa da shi kai tsaye, ya ɗaga hannu ya bi gefe-gefe, na kan tudu kuma su kira masunta ko ma'aikatan wurin su buga 112, kada su faɗa bayansa.

Wasu na son su haɗa da gadar sama ta dajin Kakum a rana ɗaya. Da yara da kular kifi, ba na ba da wannan shawara. A ware mata wata tafiya.

12. Komawa gida

Ku bar bakin ruwa zuwa ƙarfe 2, na Kumasi ma kafin haka. Yammacin Lahadi shigowa Akra ta Kasoa na da cunkoso ƙwarai, idan da hali ku dawo Asabar. A ƙirga mutane da suna kafin mota ta tashi, a sake ƙirgawa duk inda aka tsaya. A ƙara ƙanƙara a Cape Coast, a ɗaure murfin kula, a sa ta nesa da zafin inji, ka gaya wa yaron mota kifi ne don kada ya kifa ta ko ya ɗora buhu a kai. Za a karɓi kuɗin kaya, ku daidaita kafin a loda.

A Yamoransa za ku ga dokunu a jere bakin titi, a naɗe da busasshen ganyen ayaba, yana yin kwanaki bai lalace ba, nan ne wurin tsarabar maƙwabta. Da isarku gida, ko dare ya yi, a buɗe kula a ware na rabo a aika, na ci gobe a wanke a sa gishiri da lemun tsami, sauran a ƙulla leda-leda daidai girki ɗaya a sa a firiza. Idan unguwarku wuta na yawan ɗaukewa, a soya shi ko a kyafe shi a daren.